Daga Kilomita Biyar Zuwa Boali: Matakai Takwas na Zaga Bangui da Ƙafa da Keke

Akwai samari a unguwar Kilomita Biyar da suka san kuɗin kowace turmin atamfa a kasuwa, suka san ranar da manyan motoci ke isowa daga Kamaru, amma ba su taɓa tsayawa a bakin kogin Ubangi sun hangi garin Zongo da ke tsallaken ruwa ba. Dalilin sananne ne. Daga Disambar 2013, lokacin da rikici ya raba Bangui, unguwar ta zama mafakar Musulmin birnin, fita daga cikinta kuma ta zama sayar da rai. Har maƙabartar Musulmi da ke unguwar Boeing sai da ta gagari masu kai gawa, sai a Fabrairun 2016 da mutanen unguwannin biyu suka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya hanya ta buɗe. Yaran da suka taso a waɗannan shekaru sun girma da sanin layuka kaɗan, alhali kogi da tudu da daji suna nan kusa da su.

Wanda bai taka garinsu ba, baƙo ne a cikinsa ko da a nan aka yanke masa cibi. Shi ya sa fita shan iska a Bangui ta wuce motsa jini kawai. Ga yadda za ka yi ta, ɗan'uwa, daga kusa zuwa nesa, kowane zagaye ya fi na baya faɗi.

Mataki na 1: Zaɓi wata da sa'a

Rani a Bangui gajere ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwa yana ɗaukewa, hanyoyin jar ƙasa su bushe, keke ya ji daɗin gudu, sai dai ƙura da ɗan hazo. Damina kuwa doguwa ce, tana ɗaukar mafi yawan sauran watanni, kuma ruwan kan sauko da ƙarfi har magudanan ƙananan unguwanni su cika su tumbatsa. Don keke da hawan tudu, rani ya fi. Don ganin kogi a cike da ruwan Boali da ƙarfinsa, ƙarshen damina ya fi, wajen Oktoba da Nuwamba.

Ka kula da rana. Birnin yana kusa da tsakiyar duniya, saboda haka gari kan waye kafin ƙarfe 6 ko daidai da ita, rana kuma ta faɗi wajen ƙarfe 6 na yamma, duhu ya rufe nan da nan. Fita bayan sallar asuba, ka yi niyyar dawowa kafin azahar idan zagayen cikin gari ne. Duk inda ka je, magariba ta same ka a gida.

Mataki na 2: Tambayi labarin hanya kafin ka taka ta

Matambayi ba ya ɓata. A nan maganar ta zama doka, domin hanyar da ta yi lafiya a wannan mako tana iya canzawa a mako mai zuwa. A Janairun 2021 faɗa ya zo har ƙofofin birnin, wajen PK12 da PK9 (kilomita 12 da kilomita 9 daga tsakiyar gari), wato daidai wuraren da mai keke zai bi. Kafin kowace fita, ka tambayi waɗanda suka bi hanyar jiya ko yau: direbobin tasha, masu babur na haya, mahauta da dillalan shanu. Ka saurari labaran safe a rediyo, irin su Radio Ndeke Luka. Idan mutum biyu suka ce a dakata, ka dakata.

Kada ka fita kai kaɗai. Mutum uku zuwa biyar ya isa, kuma ya fi kyau a samu wanda harshen Sango ya zauna a bakinsa sosai. In da hali, a haɗa da aboki daga wata unguwa, Miskine ko Fatima ko Lakouanga, wanda ya san mutanen inda za ku bi. Ka riƙe katin shaidarka, baƙo kuma ya riƙe fasfo da katin rigakafin shawara. Ka gaya wa mutanen gida inda za ku da lokacin dawowa, wayarka kuma ta kasance a cike da caji.

Mataki na 3: Gyara keke, haɗa guzuri

Keken da ya dace da Bangui shi ne mai kaurin taya, domin kwalta tana ƙarewa ba sallama, a faɗa rami ko tsakuwa. Kwana ɗaya kafin tafiya ka kai shi wurin mai gyara. A duba birkin gaba da na baya, a ɗaure sarƙa a sa mata mai, a cika taya, a gwada ƙararrawa. A daidaita sirdi yadda ƙafarka za ta kusa miƙewa idan feda ta sauka ƙasa. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kashe gwiwa. Ka ɗauki famfo, kayan faci da ƙaramin sifana.

Guzurin ba shi da yawa: ruwan sha kamar lita 2 ga kowane mutum, dabino, gyaɗa, kilishi ko burodi. Riƙe abincinka yana da amfani, domin a wajen unguwa ana sayar da naman daji da naman da ba yankan Musulmi ba. Kifi da ayaba da gwanda kuwa za ka same su ko'ina. Ka canza kuɗinka zuwa ƙananan takardun sefa da tsaba, saboda canji yana wuya a ƙauye. Ka sa hula, takalmi rufaffe da dogon wando. Ƙaramar darduma da buta ba su da nauyi; alƙibla daga Bangui tana arewa maso gabas.

Mataki na 4: Fara da unguwarka, da ƙafa

Zagayen farko na sa'a ɗaya ne, kuma ba ya bukatar keke. Ka tashi daga Babban Masallaci, inda dubban mutane suka fake a harabarsa lokacin tashin hankali, inda kuma Fafaroma Francis ya zo ranar 30 ga Nuwamba 2015 ya zauna da limamai. Ka bi titin Koudoukou a hankali, ka ratsa kasuwar Mamadou Mbaïki kafin ta cika. Da sassafe ne ake ganin yadda kasuwar ke tashi: masu shayi sun hura wuta, 'yan dako suna sauke buhuna, masu shaguna suna ɗage ƙofofi. Kunnenka zai ji Sango da Hausa da Fulatanci da Larabcin Chadi da Faransanci a layi ɗaya.

Ka nemi dattijo ɗaya ka gaishe shi, ka ce, "Baba, ina son ka nuna mini inda unguwar nan ta tsaya a da." Irin waɗannan iyaye sun san wane fatake suka fara sauka a ina, sun san gidan da aka fara karantar da yara. Tarihin Hausawa da Barebari da Fulani a wannan unguwa yana bakunansu, kuma kowace shekara suna raguwa.

Mataki na 5: Hau keke zuwa tsakiyar gari da bakin kogi

Titin Barthélemy Boganda zai kai ka kai tsaye daga unguwa zuwa PK0, dandalin da ake fara ƙidayar nisan hanyoyin ƙasar. Kilomita 5 ne, tafiyar rabin sa'a ba gaggawa. Ka riƙe hannun dama, ka yi hattara da tasi masu ruwan ɗorawa da koren bas, domin suna tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu. Ku jeru ɗaya bayan ɗaya.

A tsakiyar gari akwai abubuwan tsayawa. Babban cocin Notre-Dame na jan bulo yana nan tun shekarun 1930. Gidan tarihi na Boganda, mai ɗauke da sunan jagoran da ya rasu a haɗarin jirgin sama ranar 29 ga Maris 1959 kafin ƙasar ta sami 'yanci a 1960, ya tara kayan kiɗa da na farauta na ƙabilun ƙasar. Ka tambaya ko a buɗe yake kafin ka nufe shi. A kasuwar masu sana'ar hannu za ka ga sassaƙen katako da zanen da ake haɗawa da fikafikan malam-buɗe-littafi, sana'ar da aka san Bangui da ita.

Daga nan ka gangara bakin Ubangi. A bakin kogin nan Faransawa suka kafa sansaninsu a 1889, daga baya suka matso da shi kusa da duwatsun da ke karya gudun ruwa, domin manyan jiragen da ke tasowa daga kogin Kwango ba sa wuce wurin cikin sauƙi. Garin ya tsiro ne daga wannan tsayawa. Da rani duwatsu da tsibiran yashi suna fitowa, masu haƙar yashi suna loda kwalekwale, masunta suna jefa birgi. Ka bi gaɓa ta gabas zuwa Ouango, ka ci kifin da aka naɗe da ganye aka gasa, wanda ake kira maboke. Ranar 1 ga Disamba, ranar bikin jamhuriya, an saba yin tseren kwalekwale a kogin; wanda ya samu hali ya kai iyalinsa.

Gargaɗi uku. Tsallaken ruwa wata ƙasa ce, Kwango ta Kinshasa, ba a haye ta sai da takardu. Kada ka ɗauki hoton fadar shugaban ƙasa, barikin soja, tashar jirgin ruwa ko shingen jami'an tsaro. Kada kuma ka shiga kwalekwalen da aka cika maƙil: a Afrilun 2024 wani jirgin katako ya kife a kogin M'Poko, mutum fiye da 50 suka rasu.

Mataki na 6: Hau tudun Gbazabangui

Koren tudun da ke bayan tsakiyar gari shi ne dajin da ya fi kusa da kai. Ka ajiye keke wurin wanda ka sani a ƙasa, ka hau da ƙafa. Barikin soja na de Roux yana gindin tudun ta gefen kogi, saboda haka kada ka ƙirƙiri hanyarka. Ka nemi ɗan unguwar da ke gindin tudun ya yi muku jagora, ku yi ciniki da shi tun kafin a fara hawa.

Ka hau a hankali, ka huta duk bayan minti 15. Sanda a hannu tana taimakon gwiwa, tana kuma korar maciji daga ciyawa. Ka rage surutu, za ka ji tsuntsaye. Daga sama birnin yana shimfiɗe gaba ɗaya: lanƙwasar kogi, rufin kwano cikin itatuwan mangwaro, filin jirgin M'Poko can yamma. Ka nemi Kilomita Biyar da idonka. Unguwar da ta zama duniya guda ga mazaunanta za ka gan ta a manne da maƙwabtanta, ba katanga tsakaninsu.

Masu saran itace da masu gawayi da masu fasa dutse sun ci gefen wannan daji, kuma duk itacen da ya faɗi yana ƙara wa unguwannin ƙasa ambaliya da laka. Kada ka kunna wuta, kada ka sare ko reshe, ledar da ka hau da ita ka sauko da ita.

Mataki na 7: Faɗaɗa zuwa Bimbo, sannan Boali

Idan ƙafa ta saba, ka gwada hanyar kudu maso yamma: ta Pétévo zuwa Bimbo, har gadar PK9 a kan kogin M'Poko. Wannan ita ce hanyar Mbaïki, mai shiga dazukan Lobaye, ƙasar mutanen Aka. Ga mai keke, gadar ta isa zangon farko. Za ka wuce gonakin rogo, kwakwar manja da matan da ke shanya garin rogo a bakin hanya. Kada ka yi wanka a ruwan da ke kwance, saboda tsargiya.

Boali kuwa tafiyar yini ce. Tana kusan kilomita 100 arewa maso yamma, ta PK12, inda hanya ke rabuwa: ɗaya ta nufi Damara, ɗaya ta nufi Boali da iyakar Kamaru. Wannan hanyar ce manyan motocin kaya ke bi, don haka wanda bai ƙware ba ya bar keke a gida, ku haɗa kuɗi ku ɗauki mota. A can kogin Mbali yana zubowa daga tsayin mita 50, faɗinsa kuma ya kai mita 250. Daga ruwan nan ake samar da wutar lantarkin Bangui tun shekarun 1950. Wanda ya ga yadda yake raguwa da rani zai fahimci ɗaya daga dalilan ɗaukewar wuta a gida. Duwatsun wurin suna da santsi, a riƙe hannun yara. Nisan ya wuce mil 48 da malaman Malikiyya suka ƙayyade, saboda haka matafiyi yana da damar yin ƙasaru. Ku juyo kafin la'asar.

Mataki na 8: Riƙe ladabin baƙunci, ka mai da fitar al'ada

A kowane shinge ka sauka daga keke, ka cire baƙin tabarau, ka gaisa, ka miƙa takarda ba gardama. A ƙauye ka fara da gaida mai gari ko dattijon da ka tarar. Gaisuwa da Sango da kalmar godiya, singila, suna buɗe fuska. Ka nemi izini kafin ɗaukar hoton mutum, ka sayi wani abu daga masu talla ko da ayaba ce. Ka bar zancen siyasa da tone-tonen abin da ya wuce. Kusan kowane gida a ƙasar nan yana da wanda ya rasa. Idan lokacin salla ya yi, ka nemi wuri a gefe da izinin masu wurin. Yadda ka yi mu'amala da su, haka za su karɓi ɗan Kilomita Biyar na gaba da zai biyo hanyar.

Bayan kun dawo, a wanke keke, a sa wa sarƙa mai. Wanda ya ji zazzaɓi cikin kwanakin da suka biyo ya je a gwada jininsa, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe. Sannan ku tsayar da rana ɗaya a wata, ku sa ta a tsarin majalisarku kamar yadda ake sa ranar adashi. A fita ta gaba kowa ya zo da ƙane ko ɗa. Iyaye mata da 'yan mata a ɗaukar musu tasi zuwa bakin kogi, domin su ma garinsu ne. Ku fara da zagayen masallaci da kasuwa a wannan Lahadin, bakin kogi kuma a wata mai kamawa. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.