Darasi na 17: Ƙofar Juji da Bakin Hanya

Abin karantawa: Nehemiya 2:1-8, 3:1-32, 4:10, 5:1-5, 14-18, Kubawar Shari'a 23:12-14.
Ayar haddacewa: Filibiyawa 2:4.

Sura ta 3 ta Littafin Nehemiya tana cikin surorin da masu karatu su kan tsallake, gama cike ta ke da sunaye masu wuyar faɗi. Kada malami ya yarda a tsallake ta. A karanta ta a hankali, aya aya, ko da harshe ya yi tuntuɓe, kowa kuwa ya riƙa lura da sana'ar kowane mutum da wurin da aka ba shi.

Wajen shekara ta 445 kafin haihuwar Almasihu, Nehemiya, mai shayarwa na Artashate sarkin Farisa, ya sami izini ya tafi Urushalima domin ya sāke gina garun birnin, wanda Babilawa suka rushe tun shekara ta 586. Garun birni ba shi da mai shi guda ɗaya. Kowa yana kwana a bayansa, amma ba wanda zai ce gādon ubansa ne. Irin wannan abu shi ne ya kan daɗe a lalace. Nehemiya ya raba aikin kashi wajen 40. Babban firist ya kama nasa, maƙeran zinariya da masu yin turare da 'yan kasuwa suka kama nasu, wani hakimi ya fito tare da 'ya'yansa mata (aya 12), mutane da dama kuma aka ba su wurin da ke fuskantar ƙofar gidansu. Cikin kwana 52 aka gama.

A dubi aya ta 14 da kyau. Kalmar Ibrananci da ke cikin sunan wannan ƙofa tana nufin tsibin shara da toka, abin da Bahaushe ke kira juji, ko bola. Ta nan a ke fitar da ƙazantar birni zuwa kwari. Wanda ya gyara ta kuwa shi ne Malkiya ɗan Rekab, mai mulkin gunduma guda. Littafi bai ɓoye sunansa don kunya ba. Ya rubuta shi cikin jeri ɗaya da na babban firist. Sa'an nan a koma aya ta 5, inda manyan Tekowa suka ƙi aikin. Maganar da aka yi a kansu daga wurin noma aka aro ta, watau kamar san da ya janye wuyansa daga karkiya. Talakawan Tekowa dai suka gama rabonsu, har suka ƙara na biyu (aya 27).

Yanzu mu zo gida. Garunmu a Jos shi ne bakin hanya da kwata. Wanda ya bi ta Taminus ko kasuwar Farin Gada da yamma ya san abin da a ke bari a ƙasa: ledar ruwa, baƙar leda, robar lemo, ɓawon rake, ruɓaɓɓen tumatir. Mutumin da ba zai yarda a yar da ko tsinke a tsakar gidansa ba, shi ne zai sha ruwa cikin mota ya jefa ledar ta taga. In wasu samari suka fito da tsintsiya da shebur da manjagara suna kwashewa ba da lada ba, sai ka ji ana cewa, "Me ya dame su? Ai aikin gwamnati ne. Ina harajin da mu ke biya?" Wani ma ya kan tambaya a asirce nawa aka ba su.

Wannan tunani yana da tushe, ya kamata mu san shi. Kakannin mutanen ƙasar nan sun san aikin gayya. Da shi a ke share hanyar rafi, a nome gonar gwauruwa, a ɗaga jinka, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukarta. Amma Jos gari ne da ya girma saboda haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, baƙi suka taru daga ko'ina, tsabtar titi kuma ta zama ta hukuma. A zamanin Turawa, duba-gari ne ya kan shiga gida ya leƙa randa, in ya ga tsutsar sauro a ci tara. A shekara ta 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta fara Yaƙi da Rashin Ɗa'a, a 1985 kuma aka ƙara masa tsabtace muhalli, daga nan aka saba da sharar Asabar ta ƙarshen wata, ana tsare mutane a gida da safe. Tituna sun yi tsabta a lokacin, ba shakka. Amma mutane sun koyi cewa shara abu ne da a ke yi sa'ad da mai bulala yana tsaye. Da ya juya baya, tsintsiya ta koma bayan ƙyaure. Doka tana iya fitar da mutum ƙofar gida, ba ta iya sa ya ce hanyar nan tawa ce.

Duk da haka, kada ɗan aji ya rena maganar mai cewa yana biyan haraji. Rabin gaskiya yana hannunsa. Mutanen Nehemiya ma sun yi kuka a kan harajin sarki, har sun jinginar da gonakinsu domin su biya (5:4), Nehemiya kuwa bai tsauta musu ba, manya ya tsauta wa. Kafin ya nemi hannun talakawa, ya roƙi sarki katako daga kurmin sarauta (2:8), gama akwai abin da gayya ba ta iyawa. Shekara 12 yana gwamna bai karɓi abincin da a kan ba gwamna ba. Haka nan Jihar Filato tana da hukumar kiyaye muhalli da tsabta, wadda a ke kira PEPSA, hakkinta ne ta tanadi wurin zuba shara da motar kwashewa. Idan mutane sun tara shara a bakin titi mota ba ta zo ba, iska da awaki za su maishe ta inda ta fito, zuciyar masu aiki kuma ta karai, kamar masu ɗaukan kaya na 4:10 da tarin ɓaraguzai ya fi ƙarfinsu. Saboda haka wanda ya ɗauki shebur ya kamata ya ɗauki alƙalami kuma, ya je wurin mai unguwa da kansila ya nemi abin da ke wuyansu. Shi ne za a fi saurara, gama an gan shi cikin kwata.

Cikin Kubawar Shari'a 23 an umurci kowane mayaƙi ya riƙe abin tono tare da makamansa, ya binne ƙazantarsa a bayan sansani. Dalilin da aka bayar shi ne Ubangiji yana yawo a tsakiyar sansanin. Ba a naɗa ma'aikaci don wannan ba. Kowa da nasa abin tono. Mu kuma mun ga abin da ƙazanta ke jawowa. Leda ba ta ruɓewa kamar ganyen da a ke ƙunsa kaya a dā. Ta kan toshe kwata, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, a damina kuma ruwan ya nemi hanya ta cikin ɗakuna. A watan Yuli na 2012 ambaliya ta ci mutum fiye da 30 a wajen Rikkos da Gangare da unguwannin da ke kusa. Ruwan sama mai yawa ne ya kawo ta, amma kowace hanyar ruwa da aka cike da shara tana ƙara wa irin wannan dare nauyi. Juji kuma gidan ɓera ne, wani irin ɓera kuwa shi ke ɗauke da zazzabin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 bayan an kawo ma'aikaciyar jinya Laura Wine asibitin mishan na Jos ta rasu, ya kuma kashe Likita Jeanette Troup a garin nan a 1970.

Tun rikicin 2001 unguwannin Jos da yawa sun rabu bisa ga addini. Rafin Dilimi bai san wannan rabo ba. Abin da aka zuba a kan tudu, a ƙofar wani na gangare zai tsaya. Maƙwabtanmu Musulmi suna koyar da 'ya'yansu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, don haka ba wuya a gayyace su, ba wuya kuma a amsa gayyarsu.

Tambayoyi

1. Don me Nehemiya ya ba mutane wurin da ke kusa da gidajensu? Mutanen Yariko fa (3:2), me suka samu cikin aikin?
2. A garinku, su wane ne su kan tsaya gefe kamar manyan Tekowa? Dattijon ikilisiya zai rasa girmansa in ya shiga kwata?
3. Wace amsa za ka ba mai cewa yana biyan haraji, ba tare da ka ƙaryata kukansa ba?

Aikin mako: Aji ya auna hanyar da ke gaban majami'a, daga wannan kwana zuwa wancan, a raba ta, a rubuta sunan kowa da rabonsa. A aiki mutum biyu wurin mai unguwa tun ranar Laraba, su tambayi inda za a kai sharar da ranar da mota za ta zo. A zo da safar hannu da takalma masu rufi saboda fasassun kwalabe, kada kuma a ƙone leda kusa da gidaje.