Babi na Tara: Shatar Kwalekwale a Tafkin Tiga da Tsohon Dutsen Wuta na Riruwai

9.0 Gabatarwa

A cikin sana'o'in gargajiya na Bahaushe da suka danganci ruwa, su da fito su ne kan gaba. Su shi ne kamun kifi, fito kuwa ƙetarar da mutane da kayansu ne daga wannan gaɓa zuwa waccan a kan lada. Tun da aka gina manyan madatsun ruwa a ƙasar Kano, wani nau'i na uku ya samu, wato shata, inda mutum ko ayari za su ɗauki kwalekwale su kaɗai domin kewaya da buɗe ido. A wasu ƙasashe wannan harka ta zama babbar sana'a, musamman a tsibiran da duwatsu masu aman wuta suka samar. Wannan babi zai dubi shata a Tafkin Tiga, ya kwatanta ta da ta waɗancan tsibirai, sannan ya nuna inda ainihin haɗarin tafiyar yake, domin ɗaliban kwalejoji na cikin masu yawan zuwa irin wannan yawo, kuma gobe su ne malaman da za su jagoranci yara.

9.1 Fito da Shata

Mai fito yana da mashigi sananne, da lokaci, da kuɗin da kowa ya sani. Shi ne yake cewa an cika, shi ne yake cewa a tashi, fasinja ba shi da ta cewa. A shata kuwa al'amarin ya juya. Wanda ya biya kuɗi shi ne yake zaɓar hanya, ya faɗi inda za a tsaya da lokacin da za a komo. Daɗin shata ke nan, kuma aibinta ke nan, saboda iko ya koma hannun wanda bai san ruwan ba, sani kuwa yana wurin wanda aka ɗauka haya, wanda sau da yawa kunya ko buƙatar kuɗi kan hana shi musu da baƙo.

Kayan aikin duka ɗaya ne. Akwai kwalekwale, wanda a da ake sassaƙawa daga kututture guda, yanzu kuwa galibi da katako ake haɗa shi. Akwai filafili na tuƙi, da doguwar sanda ta dungura inda ruwa ba zurfi, da ƙoƙon kwarfe ruwan da ya shiga ciki. Wasu sun ɗaura inji. Shugaban ma'abota ruwa shi ne Sarkin Ruwa, kuma a al'adance baƙo ba ya shiga ruwan wani gari sai ya neme shi ko wakilinsa. Ladabin magana a nan bai bambanta da na sauran masu sarautar sana'a ba. Baƙo zai yi sallama, ya ce, misali, "Ranka ya daɗe, mun zo ne mu ga ruwa, in da hali." Idan matuƙin ya manyanta, Baba za a ce masa, ko da kuwa shi ake biya.

9.2 Tsibirin Dutse Mai Aman Wuta

Kalmar "dutse mai aman wuta" ƙirƙira ce ta zamani, wadda kafafen yaɗa labarai da littattafan makaranta suka bazu da ita. Ta yi dacen siffantawa, ko da yake abin da dutsen ke amayarwa narkakken dutse ne da toka da iskar gas. Idan irin wannan amai ya faru a ƙarƙashin teku, abin da ya fito yakan daskare ya taru har ya ɓullo saman ruwa ya zama tsibiri. Wani lokaci kuma, bayan gagarumin amai, cikin dutsen ya zama fanko, sai samansa ya rufta ya bar wani makeken kwari mai kama da ƙwarya, ruwa ya cika shi.

Santorini ta ƙasar Girka misali ce ta wannan. Kimanin shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa, tsakiyar tsibirin ya rufta, teku ta shiga, abin da ya rage sai gefen ƙwaryar. Masu yawon buɗe ido suna ɗaukar shatar ƙananan jirage su kewaya cikinta, su ratsa ta ɗan tsibirin Nea Kameni da ke tsakiya, wanda ya yi amansa na baya-bayan nan a 1950. Wani misalin kuma mai ban tausayi shi ne tsibirin Whakaari na ƙasar New Zealand. Ranar 9 ga Disamba, 2019, mutum 47 suna kan tsibirin, yawancinsu baƙin da jiragen yawo suka kai, dutsen ya yi amai, mutum 22 suka rasa rayukansu. Makonni kaɗan kafin ranar, masana sun ɗaga matakin gargaɗi a kan dutsen, amma aka ci gaba da kai mutane. Ɗalibi ya riƙe wannan batu, domin za a sake haɗuwa da irinsa a gida.

9.3 Riruwai

Ba lallai ne a ƙetare teku kafin a ga ƙwaryar dutsen wuta ba. A ƙarshen kudancin Jihar Kano, cikin Ƙaramar Hukumar Doguwa, wajen iyaka da jihohin Kaduna da Bauci, tsaunukan Riruwai suna tsaye a zobe, kuma nan ne ƙasar jihar ta fi tudu. Masana ilimin duwatsu sun tabbatar da cewa wannan zobe saura ne na wani dutse mai aman wuta da ya yi aiki fiye da shekara miliyan 160 da suka shuɗe. Samansa ya rufta kamar na Santorini, narkakken dutse ya sake tasowa daga ƙasa ya daskare a cikinsa, sannan ruwan sama da iska suka yi ta zaizayarsa har cikinsa ya fito fili. Ba shi kaɗai ba ne. Irin waɗannan zobba sun jeru tun daga Azbin, suka biyo ta Damagaram, suka ratso Kano da Bauci da Filato har zuwa tsaunin Afu kusa da Binuwai. Abin sha'awa shi ne na arewa sun fi tsufa, shekarunsu na raguwa gwargwadon yadda aka yi kudu.

Wutar ta mutu tun kafin a yi ɗan'adam, amma ta bar gado, wato kuza. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai suna haƙo ta suna narkawa, suna zuba ƙarfen a siffar siraran sanduna, fatake suna kai shi kasuwanni. A zamanin mulkin mallaka kamfanoni suka shigo, daga baya aka yi haƙa ta ƙarƙashin ƙasa domin kuza da tutiya, har aikin ya tsaya a shekarun 1980, zamanin da farashin kuza ya faɗi warwas a duniya. Gadon na biyu shi ne ruwa. Tsaunukan suna samun ruwan sama fiye da arewacin jihar, ƙoramunsu suna cikin masu ciyar da Kogin Kano, wanda ya ratsa dajin Falgore ya zuba a Tiga. Saboda haka mai shata a Tiga, ko bai sani ba, wani kaso na ruwan da yake kai daga jikin mataccen dutsen wuta ya gangaro.

9.4 Kewaya Tafkin Tiga

An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a ƙasar Bebeji, kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano. Tsawon ganuwarta ya kai kilomita 6, tafkin ya mamaye wajen murabba'in kilomita 178, kuma an tsara shi ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ba don yawo aka yi shi ba. Shi ne yake shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, yake kuma taimaka wa ruwan sha na birni. Amma tun farko an yi tunanin baƙi, shi ya sa aka gina otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana fuskantar ruwa. A kusa kuma akwai tafkin Bagauda, wanda otal ɗinsa ya koma reshen Makarantar Horar da Lauyoyi, ga kuma madatsar Challawa a Ƙaraye, maƙwabciyar Ƙiru.

Wanda ya tashi da safe daga gaɓar Tiga ya nufi kudu zai fara cin karo da masunta suna ɗaga kalli da mamari da suka kwana a ruwa, ko suna jefa birgi. Abin da suke fitarwa ya haɗa da karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu. Can gaba sai duwatsu da tuddai da ruwa ya kewaye. Baƙo yakan ɗauka cewa waɗannan ma na aman wuta ne, musamman idan ya taɓa ganin hotunan tsibiran ƙetare. Ba haka ba ne. Duwatsun Tiga na tsohon kashin ƙasa ne, shekarunsu sun haura miliyan 500, sun girmi na Riruwai nesa ba kusa ba. Tsibirancinsu ne sabo. Kafin a datse kogin, kawunan tuddai ne kawai a tsakiyar gonaki, manoma na hutawa a gindinsu.

Wannan ne ya kamata mai shata ya fahimta tun kafin ya sa ƙafa a kwalekwale. Ƙarƙashin Tiga ba kwarin teku ba ne, ƙasar mutane ce da ruwa ya ci. Dubban jama'a aka tayar daga garuruwansu aka sake musu matsuguni. Akwai kufai a ƙasa, akwai kututturan itatuwa, akwai ƙananan duwatsun da ba su kai ga ɓullowa ba, akwai kuma tsohon kwarin kogin inda zurfi ke faɗawa farat ɗaya. Duk wannan ba ya ganuwa daga sama, kuma wurinsa yana sauyawa da hawa da saukar ruwa. Dutsen da aka wuce ta kansa lafiya da kaka, shi ne zai fasa kwalekwale da bazara. Babu allon da ya nuna wannan, yana cikin kan matuƙin da ya shekara yana bin wurin. Ta fuskar adabin baka ma akwai abin tsinta, domin dattawan yankin da suka rayu kafin 1974 suna iya nuna saman ruwa su faɗi sunan unguwar da ke ƙasa, kuma irin waɗannan dattawa kullum raguwa suke yi.

Iyakar kudu ta tafkin tana haɗe da dajin Falgore, wanda a da ake kira gandun Kogin Kano. Wuri ne mai kyawun gani, sai dai a tsakiyar shekarun 2010 ya yi ƙaurin suna da ɓarayin shanu, don haka ba a sauka gaɓarsa sai da sanin hukuma da mutanen wurin.

9.5 Inda Haɗarin Yake

A Whakaari wuta ce ta yi kisa. A ƙasar Kano wutar ta daɗe da mutuwa, ruwa ne da sakaci suke yi. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Ɓagwai, ɗauke da ɗaliban Islamiyya daga ƙauyen Badau za su Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara, kuma an ɗora alhakin a kan lodi fiye da ƙima. Wannan fito ne, ba shata ba, amma ayarin makaranta ne, kuma lissafin da kan jawo irin wannan lodi shi ne wanda ayarin ɗalibai kan yi a bakin ruwa: kuɗin jirgi biyu ya yi yawa, a matsa a shiga ɗaya. Kamar a Whakaari, alamar haɗarin tana fili kafin a tashi, aka gani aka wuce.

Bayan lodi sai iska. Da damina hadari yakan taso daga gabas da yamma liƙis ko da la'asar, iska mai ƙarfi na gabansa, musamman a farkon damina. A faffaɗan ruwa irin na Tiga, iskar tana tayar da igiyar da kwalekwalen katako ba zai jure ba, kuma tana isowa kafin mai filafili ya kai gaɓa. Da hunturu kuwa hazo kan rufe gaɓa har a rasa gabas. Wannan ya sa safiyar kaka ta fi dacewa da irin wannan tafiya. Idan matuƙi ya dubi sama ya ce a koma, to a koma, ko da sauran tsibiri guda ba a kewaya ba. Bahaushe ya ce ruwa ba sa'an kwando ba ne. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lakwaja, ta haramta tafiyar dare da lodi fiye da ƙima, ta kuma wajabta sanya rigar kariya daga nutsewa. A ƙananan mashigai ba kullum ake samun mai tilasta wannan doka ba, saboda haka nauyin yana komawa kan wanda ya ɗauki shata. Malamin da ya kai ɗalibai shi zai ƙirga riguna kafin ya ƙirga kuɗi, shi zai tambayi matuƙi iyakar abin da jirginsa ke ɗauka ya kuma tsaya a kai, shi zai hana miƙewa tsaye domin ɗaukar hoto, wanda ya zama sabuwar hanyar kifar da kwalekwale tun da wayar hannu ta yawaita.

9.6 Aikin Ɗalibi

Ɗalibi ya bayyana bambancin fito da shata ta fuskar wanda ke da iko da wanda ke da sani. Ya kuma ziyarci mashigi ko madatsar ruwa mafi kusa da shi, ya nemi iznin Sarkin Ruwa, ya tattaro aƙalla kalmomi 20 na sana'ar fito da su tare da ma'anoninsu, ya nuna waɗanda suke na asali da waɗanda aka aro. Wanda yake daga Bebeji ko Tudun Wada ya ƙara da hira da wani dattijo a kan sunayen garuruwan da ruwan Tiga ya ci da inda mutanensu suka koma.