Hasashen Wasan Ƙwallo da Jadawalin Kwamfuta: Darasin Lissafi a Cikin Nishaɗi

Gabatarwa

Duk lokacin da aka shiga gasar cin kofin duniya ko ta nahiyar Afirka, gidajen kallon ƙwallo na Mabera da Runjin Sambo da Gawon Nama a birnin Sakkwato sukan cika maƙil da matasa. Tun kafin alƙalin wasa ya busa usur, kowa ya riga ya yanke hukuncin wanda zai ci. Washegari kuma gardamar takan biyo ɗalibai har cikin aji. Malami mai hikima yana iya juya wannan gardama ta zama darasi, ta hanyar shirya gasar hasashe wadda ba a zuba ko kwabo a cikinta, a kuma riƙa lissafinta da jadawalin kwamfuta. Wannan maƙala za ta nuna yadda ake yin haka, da irin ilmin da ke ɓoye a ciki.

Mene ne jadawalin kwamfuta?

Jadawalin kwamfuta shafi ne mai layuka na tsaye da na kwance, kamar rajistar kiran suna. Layukan tsaye suna da haruffa, wato A, B, C, na kwance kuwa suna da lambobi. Inda biyu suka haɗu shi ake kira gurbi, kuma kowane gurbi da sunansa, alal misali B2. Abin da ya bambanta shi da rajistar takarda shi ne, ana iya rubuta ƙa'idar lissafi a cikin gurbi, kuma da zarar an canza lamba ɗaya, duk amsoshin da suka dogara da ita za su canza da kansu.

Manhajar farko irin wannan da ta yi fice ita ce VisiCalc, wadda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a Amurka a 1979. Lotus 1-2-3 ta biyo baya a 1983, sannan Microsoft Excel a 1985. Akwai kuma LibreOffice Calc wadda kyauta ce, da Google Sheets wadda ke aiki ko a wayar hannu, abin da ke da amfani ga makarantar da wutar lantarki ba ta zama.

Buƙatar na'ura a nan a fili take. Gasar Afirka mai ƙasashe 24 tana da wasanni 52. Idan aji yana da ɗalibai 40, hasashe 2,080 ke nan za a duba ɗaya bayan ɗaya.

Tsara jadawalin

A layin tsaye na A sai a jera wasannin. Layin B da na C na ainihin sakamako ne: ƙwallayen ƙungiyar farko a B, na ta biyu a C. Layin D da na E na hasashen ɗalibi na farko ne, makinsa kuma ya fito a F. Ɗalibi na biyu ya ɗauki G da H da I, haka har a kai ga na ƙarshe.

Ana iya cewa wanda ya dace da sakamako daidai yana da maki 3, wanda ya gano mai nasara kawai, ko ya gano za a yi kunnen doki, yana da maki 1, wanda ya kuskure ba shi da komai. Ƙa'idar da za a rubuta a gurbin F2 ita ce:

=IF(COUNT($B2:$C2,D2:E2)<4,0,IF(AND(D2=$B2,E2=$C2),3,IF(SIGN(D2-E2)=SIGN($B2-$C2),1,0)))

Tsawonta kada ya tsorata ɗalibi, domin tambayoyi uku ne kawai take yi bi da bi. Ta farko: shin gurabe huɗun nan duk akwai lamba a cikinsu? Idan babu, maki sifiri. Wannan tambaya wajibi ce, saboda kwamfuta tana ɗaukar gurbin da ba komai a matsayin sifiri, sai ta ba da maki a kan wasan da ba a ma buga ba, a zaton an tashi babu ci. Ta biyu: shin lambobin hasashe sun yi daidai da na sakamako? Ta uku: idan an ɗebe ƙwallayen ƙungiya ta biyu daga na ta farko, shin amsar hasashe da ta sakamako ɓangare ɗaya suka karkata, wato sama da sifiri, ƙasa da shi, ko sifirin kansa? Alamar dala kuwa ƙusa ce da ke kafe layin B da na C, don kada su gusa idan aka kwafi ƙa'idar zuwa ga sauran ɗalibai. A ƙasan layin maki sai a tara jimla da ƙa'idar SUM.

Misali daga gasar 1994

A 1994 Nijeriya ta fara halartar gasar cin kofin duniya, a Amurka, kuma a gasar ce aka fara ba mai nasara maki 3 maimakon 2. Nijeriya ta ci Bulgeriya 3 da 0, inda Rashidi Yekini ya zura ƙwallon farko. Ajantina ta ci Nijeriya 2 da 1, sannan Nijeriya ta ci Girka 2 da 0.

A ƙaddara ɗalibi na farko ya yi hasashen 2 da 0 a wasan farko, kunnen doki 1 da 1 a na biyu, 2 da 0 a na uku. Makinsa 1 da 0 da 3, jimla 4. Ɗalibi na biyu ya ce Nijeriya 1 da 0, Ajantina 1 da 0, Nijeriya 3 da 1. Ya gano mai nasara a duka ukun, amma makinsa 3 kacal. To da a ce gano mai nasara maki 2 ne, da na farko ya tashi da 5, na biyu da 6. Ke nan dokar ba da maki ita ma tana zaɓen zakara. Don haka ne ya zama dole a amince da ita a rubuce kafin wasan farko, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Haka nan a karɓi hasashen kowa a takarda mai sa hannunsa, a kulle guraben kafin a take ƙwallo.

Rukunin Nijeriya na wannan shekara ya dace da gwaji na musamman. Nijeriya da Bulgeriya da Ajantina duk sun tashi da maki 6, kowacce ta zura ƙwallaye 6. An zura wa Nijeriya 2, sauran biyun kuwa 3 kowacce, saboda haka Nijeriya ta zo ta ɗaya. Idan ɗalibi ya mai da sakamakon wasan Girka 1 da 0, wato ya cire ƙwallon da Daniel Amokachi ya ci ana dab da tashi, zai ga Nijeriya ta gangaro ta uku, domin rarar ƙwallayenta ta yi daidai da ta abokan hamayya, amma ta gaza su yawan zurawa.

Tarkon da ya kama har masana

Kada a rubuta sakamako a gurbi ɗaya, kamar 2-1, domin Excel za ta ɗauka kwanan wata ne, ta mai da shi biyu ga Janairu ko ɗaya ga Fabrairu. Wannan tarko ya kama manyan masana ilmin halittu. Akwai ƙwayoyin gado masu suna SEPT2 da MARCH1, waɗanda manhajar takan mayar da su biyu ga Satumba da ɗaya ga Maris. Wani bincike da aka buga a 2016 ya gano irin wannan kuskure a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da aka duba masu ɗauke da jerin sunayen ƙwayoyin gado a Excel. A 2020 sai da kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya sunayen, MARCH1 ta koma MARCHF1. Darasin shi ne, na'ura ba ta san nufin mai ita ba, abin da aka ba ta kawai take sarrafawa.

Me ya sa hasashe ke da wuya?

Ƙwallo a raga abu ne da ba ya yawan aukuwa, kuma ba shi da ƙayyadadden lokaci. Irin waɗannan abubuwa suna bin wani tsari da masanin lissafi ɗan Faransa, Simeon Poisson, ya bayyana a 1837. Da tsarin nan ne masana halittu ke auna yadda ƙwayoyin yis ko na jini ke warwatsuwa a murabba'an gilashin ƙirga a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

A gasar 1994 an zura ƙwallaye 141 a wasanni 52, a ta 2022 kuwa 172 a wasanni 64. Duka biyun kimanin 2.7 ke nan a kowane wasa, wato 1.35 ga kowace ƙungiya. Bisa tsarin Poisson, ƙungiya mai wannan matsakaici za ta tashi ba ci a wasanni 26 cikin 100, ta ci ɗaya a 35, biyu a 24, uku a 11. Idan ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya, sakamakon da ya fi yiwuwa shi ne 1 da 1, amma shi ma sau 12 kawai cikin 100 zai faru. Wato mafi kyawun hasashe zai kuskure kusan sau tara cikin goma.

Tarihi ya gaskata haka. Saudiyya ta ci Ajantina 2 da 1 a 2022, Ajantinar kuma ta ɗauki kofin. A gasar Afirka da aka buga a farkon 2024, Ikwatoriyal Gini ta lallasa Kodebuwa 4 da 0 a rukuni, amma Kodebuwa ce ta doke Nijeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe.

A 2010 wata dabbar teku mai hannuwa takwas da ake kira oktofus, a wani gidan adana dabbobin ruwa a Jamus, ta dace da wasanni takwas a jere ta hanyar zaɓen ɗaya daga akwatunan abinci biyu. Damar yin haka da ka ita ce 1 cikin 256. Idan mutum 256 suka yi ta jefa kwabo, ana sa ran ɗaya zai dace da duka takwas. Duniya za ta ji labarinsa, sauran 255 kuwa ba mai tunawa da su.

Iyakar da ke tsakanin darasi da caca

A nan ne batun ya wuce wasa. Cacar ƙwallo ta shigo wayoyin matasa, kuma abin da ke mai da hasashe caca shi ne zuba kuɗi don a cinye na wani. Addini ya haramta ta, lissafi ma bai goyi bayanta ba. Ko da damar dacewa a kowane wasa rabi da rabi ce, wanda ya haɗa wasanni goma a takarda ɗaya damarsa 1 ce cikin 1,024, kuma kamfanin caca yakan tsara abin da zai biya ƙasa da abin da haɗarin ya cancanta. Ɗalibin da ya ga makinsa na wasanni 52 a jere da idonsa, gani ya kori ji. Saboda haka kada a karɓi kuɗin shiga. Idan za a ba da kyauta, ta fito daga makaranta, kamar ƙamus ko akwatin kayan lissafi.

Kammalawa da aikin gwaji

Ba lallai sai gasar duniya ba. Gasar gidaje ta makaranta, ko wasannin da ake bugawa a filin wasa na Giginya, sun wadatar. A ƙarshen zango malami ya sa ɗalibai su yi abubuwa uku. Na farko, su ƙirga sau nawa ajin ya dace da sakamako daidai, su kwatanta da 12 cikin 100. Na biyu, su ƙara wani ɗan takara na ƙage wanda kullum hasashensa 1 da 1 ne, su ga ɗalibai nawa suka wuce shi. Na uku, su sauya dokar maki su duba ko zakaran zai canza. Wanda ya iya waɗannan, ya iya tsara bayanai da gwada zato da auna sakamako, kuma da su ne zai fara aiki ranar da ya shiga ɗakin gwaje-gwaje na jami'a.