Ranar Ziyara a Madina da Makka: Shawarwari Ga Gidan Da Ke Da Matafiyi

A Surko da ƙauyukan da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, idan ka ji an ce wane ya fita ƙasar waje cikin ayari, da bas guda da ɗan jagora riƙe da lasifika, to kusan kullum magana ɗaya ake yi: ziyarar wuraren tarihi a Madina da Makka, ko dai lokacin Hajji ko na Umara. Mutum ya sayar da riɗi da gyaɗa da bijimin da ya yi shekara biyu yana turka, ko ya daɗe yana zubi a adashin gata, har Allah ya nufa ya sami kujera. Sai ranar ziyara ta zo, a zuba su a mota bayan asuba, nan minti ashirin, can minti sha biyar, kafin azahar an dawo masauki. Na taɓa tambayar wani dattijo a garinmu abin da ya gani a Uhudu, ya ce mini, "Wani jan dutse ne, ɗana, akwai masu dabino a gindinsa." Har yau maganar tana damuna, domin bawan Allahn nan ya tsaya a wurin da Sayyidina Hamza yake kwance, amma babu wanda ya faɗa masa. Ga abin da nake ganin gida zai iya yi don kada hakan ta sake faruwa da namu.

1. Ku fara ziyarar tun daga tsakar gida. A wurin bita ana koya wa maniyyata harami da ɗawafi da sa'ayi da jifa, kuma haka ya dace, amma lokacin ba ya isa a taɓo tarihi. Wannan aikin na gida ne. Wata guda kafin tafiya, a sami ɗa ko jika mai karatun islamiyya ya riƙa karanta wa matafiyin labari ɗaya kowane dare bayan isha'i: saukar wahayi a kogon Hira, Hijira da kwana uku a kogon Sauru, ginin masallacin Ƙuba, juya alƙibla, Badar, Uhudu, Handaƙ, Hudaibiyya. Littafin sira irin su Ar-Rahiƙul Makhtum ya wadatar, kuma malamai da yawa sun karantar da shi da Hausa, ana samun karatun a waya. Wanda ya riga ya san labari, minti sha biyar sun ishe shi ya gane wuri. Wanda bai sani ba, ko an ba shi yini guda dutse kawai zai gani.

2. Ku tambayi kamfani kafin kuɗi su bar hannunku. Masu bin hukumar alhazai ta jiha, waɗanda ke tashi daga Dutse, tsarinsu yana hannun hukuma. Masu jirgin yawo da masu Umara kuwa su fara tabbatar da cewa kamfanin yana da lasisin hukumar alhazai ta ƙasa, wato NAHCON. Daga nan a nemi a rubuta a takarda: wurare nawa za a kai ku, awa nawa za a yi, wa zai yi bayani, da wane harshe. Wannan ta ƙarshen ita ce babba. Bayanin da aka yi wa Hajiya da Larabci ko Turanci daidai yake da ba a yi ba. Masu jin Hausa ba su da wuyar samu a Makka da Madina, akwai ɗalibanmu da ke Jami'ar Musulunci ta Madina, akwai kuma jikokin Hausawan da suka tafi a ƙasa ta Cadi da Sudan suka zauna can. A kuma tambaya ko Badar da Ɗa'ifa suna cikin kuɗin ko sai an biya daban.

3. Ku sanar da tsofaffi cewa ziyara ba ta cikin rukunan Hajji ko Umara. Wanda ciwo ya hana shi shiga mota bai rage komai daga ibadarsa ba. Na faɗi wannan ne saboda na ga tsohuwa tana kuka don ta kasa hawa dutse, tana zaton aikinta bai cika ba.

4. Ƙuba: a yi alwala tun daga masauki. Shi ne masallacin farko da Manzon Allah (SAW) ya kafa da isowarsa daga Makka, kuma ya tabbata a hadisi cewa wanda ya yi tsarki a gidansa ya je ya yi salla a cikinsa yana da lada kwatankwacin na Umara. Ayari da yawa suna ɓata rabin lokacinsu a layin alwala. Kuma tun da Annabi ya kasance yana zuwa Ƙuba ranar Asabar, wani sa'in a ƙafa wani sa'in a kan abin hawa, mai ƙarfi ya ware wata Asabar ya koma shi kaɗai ko da abokinsa. Akwai shimfiɗaɗɗiyar hanyar ƙafa daga Masallacin Annabi zuwa can, kimanin kilomita uku da 'yan kai. Ga wanda ya saba zuwa gona da sassafe, wannan ba tafiya ba ce.

5. A Uhudu ku nemi a ba ku lokaci, ko da za a rage na wani wuri. Idan bas ta tsaya za ku ga abu uku. Akwai dogon jan dutse da ya tokare arewacin Madina, shi ne Uhudu. Akwai maƙabartar shahidai da aka kewaye. Sai kuma wani ɗan tsauni ƙarami a gabanta wanda mutane ke hawa suna ɗaukar hoto, da yawansu suna zaton shi ne Uhudun. Wannan ɗan tsaunin shi ne dutsen maharba, kuma a kansa ne duk labarin ya juya. A watan Shawwal na shekara ta 3 bayan Hijira, Musulmi kimanin 700 suka fuskanci Ƙuraishawa 3,000. Annabi ya ajiye maharba 50 a kan tsaunin ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, ya umarce su kada su bar wurin ko ana cin nasara ko ba a ci. Da suka ga abokan gaba sun juya da gudu, mafi yawansu suka sauko ɗibar ganima. Halidu ɗan Walidu, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya zagayo da mahaya dawakai ta bayan tsaunin ya afka wa Musulmi. Sahabbai 70 suka yi shahada, cikinsu har da Hamza baffan Annabi da Mus'abu ɗan Umairu mai riƙe da tuta, Annabi kansa aka ji masa rauni a fuska.

Ku hau ɗan tsaunin, bai fi hawan minti biyar ba. Daga samansa ku dubi inda dawakai za su iya zagayowa, ku dubi tazarar da ke tsakaninku da babban dutsen da Musulmi suka jingina da shi. Sai ku sauko ku yi wa shahidai sallama da addu'a. Ni a ganina wannan tsayuwar ta fi duk sauran ziyarar Madina shiga zuciya, kuma ita ce masu sayar da kaya suka fi cinye wa mutane.

6. Wuraren da ake wucewa da sauri. A masallacin Ƙiblataini ake tuna juya alƙibla daga Baitul Muƙaddasi zuwa Ka'aba, wata 16 ko 17 bayan Hijira. A gindin dutsen Sala'u kuma akwai wurin da ake kira masallatai bakwai, inda rundunar Musulmi ta zauna lokacin yaƙin Handaƙ a shekara ta 5. Kada ku nemi ramin da aka haƙa don yaƙin, birni ya daɗe da hawa kansa. Abin lura shi ne dalilin da ya sa ta arewa kawai aka haƙa shi bisa shawarar Salmanu Bafarise: sauran ɓangarorin Madina baƙaƙen duwatsu masu kaifi da gonakin dabino sun tsare su, doki ba ya ratsawa.

Akwai wurare biyu da ba kowane direba ke zuwa ba sai an roƙa. Na farko rijiyar Ruma, wadda Sayyidina Usmanu ya saya da kuɗinsa ya bar wa jama'a lokacin da ruwan sha ya yi wa mutanen Madina tsada. Har yau gonar dabinon da ke kewaye da ita waƙafi ce. Mu da muka san abin da bazara ke yi wa rijiyoyinmu, da yadda yara ke tafiya da jarkoki tun duku-duku, ba sai an yi mana dogon bayani a bakin wannan rijiya ba. Na biyu maɗaba'ar Alƙur'ani ta Sarki Fahad, wadda aka buɗe a 1984, inda aka buga tarjamar Hausa ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi. A tambayi ranaku da lokutan da take karɓar baƙi tun kafin a kama hanya.

7. Rauda, da ke cikin Masallacin Annabi, sai da izini. Yanzu ana neman lokacin shiga ta manhajar Nusuk, kuma na maza daban na mata daban. Idan matafiyin bai iya waya ba, a haɗa shi tun daga gida da wani matashi a ayarin da zai nema masa. Maƙabartar Baƙi'a tana jikin masallacin ta gabas, ba sai da mota ba, ana buɗe wa maza ita a wasu lokuta kamar bayan asuba.

8. Hira da Sauru: kowa ya auna ƙafarsa. Dutsen Nur, inda kogon Hira yake, tsawonsa ya haura mita 600, matakalansa sun fi dubu, kuma mai matsakaicin ƙarfi yakan ci awa ɗaya zuwa biyu kafin ya kai. Sauru ya fi shi wuya. Yawancin motocin ziyara a gindi suke tsayawa, a nuna da hannu a wuce. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ko ciwon suga ya wadatu da hakan, ga kuma gidan baje tarihin wahayi da aka gina a gindin dutsen Nur, ana ganin siffar kogon a ciki cikin sanyi. Mai niyyar hawa kuwa, Allah ya hore mana duwatsu a gida. Ya yi sati uku yana hawa da sauka a irin duwatsun da ke kewaye da Birnin Kudu, ya ji yadda numfashinsa yake. Can kuma ya tashi da dare ko da jijjifi, da gorar ruwa da takalmi mai kama ƙasa, ba silifa ba. Wanda ya zo Hajji kada ya yi wannan hawan kafin ranar Arfa, ƙarfinsa yana da inda za a buƙace shi. Idan Allah ya sa ka kai, ka tuna cewa Nana Hadiza ce ke haɗa wa Annabi guzurin kwanakin da yake yi a can.

9. Rana a can ba irin ta gida ba ce, ko da mun saba da zafin watan Afrilu. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce mutum fiye da 1,300 ne suka rasu. Laima, ruwa, da fita da wuri. Idan an kai ku Arfa da Muzdalifa da Mina a lokacin Umara za ku tarar da su fayau babu kowa, wannan kuwa dama ce ga mai fatan zuwa Hajji ya gane inda masallacin Namira yake da inda wurin jifa yake.

10. Tsaraba da ranarta. Sau da yawa ziyarar Madina takan ƙare a wata gonar dabino ko wani babban kanti, kuma a nan ne ba a ƙidaya minti. Ku ɗanɗana, ku tambayi farashin ajwa da sukkari da safawi, amma ku bari sai kun zaga kasuwar dabino ta cikin gari kun gwada. Ku san nauyin kayan da jirgi ya yarje muku tun daga gida, Zamzam kuma lita biyar ce a rufaffen mazubi. Sai nonon raƙumi da ake tatsa a gefen hanyar Hudaibiyya ana miƙa wa baƙi: kada a sha ɗanye. Cutar numfashi ta MERS, wadda aka gano a Saudiyya a 2012, tana da alaƙa da raƙuma, kuma tsofaffi ta fi yi wa illa.

11. Ɓata ya fi faruwa ranar ziyara, domin motocin duk kamarsu ɗaya. Katin masauki ya kasance a wuya ko a aljihun gaba. Kafin a sauka, kowa ya ɗauki hoton lambar motar. A haɗa kowane tsoho da matashi ɗaya, a ƙirga mutane da suna kafin direba ya tayar. Kada a ɗauki hoton askarawa ko matan mutane, kada kuma a karɓi ƙunshin wani a ce a riƙe masa, a can ko a filin jirgi. Mai zuwa Badar, wadda ke kimanin kilomita 150 daga Madina, ko Ɗa'ifa da ke kan tsaunuka, ya fara tambayar jami'in ayarinsa ko irin bizarsa ta yarje masa fita, domin ta Hajji tana da iyaka.

12. Ku ba matafiyin aiki ɗaya da zai kawo wa yara. A duk inda mota ta tsaya, ya kunna wayarsa ya ɗauki muryarsa na minti biyu: nan ina ne, me ya faru a nan, me idona ke gani. Idan Hajiya ba ta iya ba, matashin da ke tare da ita ya danna mata, ita ta yi maganar da bakinta. Hotuna sukan ɓace idan waya ta lalace, don haka a turo muryar gida ta WhatsApp tun a daren, a adana a wayar mutum biyu. Bayan an dawo, idan 'yan barka da sauka sun ragu kuma dabino ya kusa ƙarewa, sai a shimfiɗa tabarma bayan magariba a tara jikoki, a kunna ta Uhudu, a bar Hajiya ta tsayar da ita duk inda take son ƙara bayani.