Yadda Mai Bi Zai Zaɓi Alƙali

Karatu: Fitowa 18:13-26, Maimaitawar Shari'a 1:9-17.

A ƙasarmu ba a zaɓen alƙali da ƙuri'a. Hukuma ce ke naɗa shi, ta tura shi Maradi ko Tawa ko Damagaram. Amma a Amurka akwai wata hanya dabam, kuma masu bi na can sun daɗe suna fama da ita. Bari mu duba ta, gama akwai abin koyo a ciki.

Alƙalan gwamnatin tsakiya shugaban ƙasa ne ke naɗa su, majalisar dattawa ta amince. Amma Amurka tana da jihohi 50, kowace da kotunanta, kuma a cikin 39 jama'a su kan jefa ƙuri'a a kan waɗansu alƙalansu. Jihar Misisifi ce ta fara zaɓen dukan alƙalanta a 1832. A 1940 jihar Misuri ta fito da wani tsari: gwamna ya naɗa alƙali, bayan ya yi aiki na ɗan lokaci sai a tambayi jama'a, ya ci gaba ko ya sauka? Ran zaɓe takardar ƙuri'a ta kan yi tsawo, sunayen alƙalai suna can ƙasa. Mutane da yawa su kan tsallake wurin, waɗansu kuma su zaɓi sunan da ya yi musu daɗin ji. Alhali wannan alƙali shi ne zai yanke maganar gādo, da rabuwar aure, da wanda zai riƙe yara, da ɗaurin mai laifi. Tun 2022, da babbar kotun ƙasa ta mai da maganar zubar da ciki hannun jihohi, har ran jaririn da ke ciki ya kan zo gaban waɗannan alƙalai.

To, mene ne Littafi Mai Tsarki ya koya mana? Musa yana zaman shari'a tun safe har yamma, shi kaɗai. Surukinsa Yetro ya ba shi shawara ya nemi mataimaka, ya kuma faɗi irin mutanen da za a nema. Abu huɗu ne: su iya aikin, su ji tsoron Allah, su zama amintattu, su ƙi cin hanci. Ku lura, bai yi maganar dangi ba, bai yi maganar dukiya ba. A Maimaitawar Shari'a kuma mun ga Musa ya sa jama'a su fid da mutanen daga cikin kabilansu, waɗanda a ka san halinsu. Ashe nauyin bai tsaya a kan shugaba kaɗai ba. Mai zaɓe ma yana da nasa, kuma ba ya iya sauke shi sai ya san wanda ya ke zaɓa.

Saboda haka masu bi na can da su ka ɗauki abin da gaske su kan yi bincike tun kafin ranar. Su kan nemi sunayen ƴan takara. In mutum ya taɓa zama alƙali, su kan karanta hukuncin da ya yanke a dā, gama a rubuce ya ke. Su kan duba abin da ƙungiyar lauyoyi ta ce game da iyawarsa, da ko an taɓa hore shi saboda rashin gaskiya. Tun 2002 an yarda ɗan takara ya faɗi ra'ayinsa a fili, ko da ya ke da yawa su kan ƙi amsa tambaya. Babbar tambayarsu ita ce, wannan mutum zai bi doka yadda a ka rubuta ta, ko zai sa son ransa ya ce ita ce doka?

A jihar Ayowa, a 2009, alƙalai bakwai na babbar kotun jiha su ka halatta aure tsakanin namiji da namiji, mace da mace. A 2010 uku daga cikinsu su ka zo gaban jama'a, a ka sauke su duka. Ba a taɓa yin haka ba tun da a ka kafa tsarin a 1962. Masu bi da yawa sun sa hannu, domin sun riƙe abin da Farawa sura 2 ta koya game da aure, mu ma shi mu ka riƙe. Duk da haka hukuncin bai tashi ba. Sauke alƙali ba ya warware abin da ya riga ya ɗaure.

Amma abin da na fi so ku riƙe shi ne maganar kuɗi. A jihar Bajiniya ta Yamma, a 2002, kotu ta ci wani kamfanin haƙar gawayi mai suna Massey tarar dalar Amurka miliyan 50 (ba dala irin tamu ta kasuwa ba). Kamfanin ya yi niyyar ɗaukaka ƙara. Kafin a ji ta, sai zaɓen alƙali ya zo a 2004. Shugaban kamfanin, Don Blankenship, ya kashe wajen dala miliyan 3 domin wani lauya, Brent Benjamin, ya ci. Ya kuwa ci. Da ƙarar ta iso gabansa, a ka roƙe shi ya janye, ya ƙi. Alƙalai uku, har da shi, su ka soke tarar, biyu su ka ƙi. Sai a 2009 babbar kotun ƙasa ta ce ya kamata ya janye. Ba wanda ya nuna an sa masa kuɗi a aljihu. Amma ku sa kanku a wurin mai ƙarar: yaya zuciyarsa za ta kwanta? Abin kuwa ƙaruwa ya ke yi. A 2025 an kashe fiye da dala miliyan 100 a kan kujerar alƙali guda a jihar Wiskonsin. Don haka mai bincike ya kan tambaya, wa ya biya kuɗin neman zaɓen wannan mutum, me kuma ya ke jira?

A nan waɗansu masu bi su ke tuntuɓe. Da sun ji ɗan takara yana zuwa sujada, yana kuma faɗin abin da su ke so, sai binciken ya ƙare. Wannan bai isa ba. Ƴaƴan annabi Sama'ila a gidan mutumin Allah su ka girma, ubansu ne ma ya naɗa su alƙalai a Biyer-sheba, amma su ka ci hanci, su ka karkata shari'a (1 Sama'ila 8). Littafin Firistoci 19:15 ya hana alƙali ya goyi bayan mai arziki, ya kuma hana shi goyon bayan matalauci don tausayi. Idan haka ne, ba mu da izinin neman alƙalin da zai goyi bayanmu don mu Kirista ne. A ganina, mutum mai gaskiya wanda ba ya cikin ikkilisiyarmu ya fi ɗan'uwa mai karɓar toshiyar baki.

Mu ma akwai ƙuri'a ɗaya a hannunmu mai kama da wannan. Bisa dokar sarautar gargajiya ta 2015, idan maigari ya rasu, masu gida ne ke zaɓen wani daga cikin waɗanda su ka gāji sarautar. Maigari ba alƙalin kotu ba ne, amma shi ne mai sulhu na fari a kan iyakar gona, da ɓarnar dabbobi, da jingina. Mu ba mu da hukunci a rubuce da za mu karanta, amma mun fi mutanen Amurka sanin ɗan takara, gama tare mu ka girma. Kafin ranar, maigida ya tambaya: da a ka ba mutumin nan ajiyar hatsi, ya cika? Da ɗan'uwansa ya mutu, ina gonar marayu ta shiga? Ya taɓa ba baƙo gaskiya a kan danginsa? Ka tambayi matarka kuma, gama abin da a ke faɗi a bakin rijiya ba ya isowa dandali. Idan an kawo goro da sukari da dare, ka tambayi wanda ya saya su, da abin da ya ke nema a gari. Sa'an nan ku tara iyali ku yi addu'a, kuna kiran kowane ɗan takara da sunansa.