Iskar tayar hunturu a motar kwana: sikeli ne zai gaya maka

Aikina haɗa taya a wani gareji a Hamburg. Da an shiga Oktoba layi ba ya yankewa, domin al'adar direbobin Jamus ce su sa tayoyin hunturu daga Oktoba zuwa Ista. Cikin masu zuwa har da masu motar kwana, irin motar nan mai gado da kicin da bayi a ciki, wadda Jamusawa ke kira Wohnmobil. Wasu 'yan'uwanmu mazauna nan ma sun fara saya, wasu kuma haya suke yi lokacin hutu. Tambayar kowa ɗaya ce: “Malam, iska nawa zan sa?” Ni kuwa ba na faɗin lamba sai na san nauyin motar.

Yawancin motocin nan a kan ƙirar Fiat Ducato ake gina su. A jikin ƙofar direba akwai 'yar takarda mai nuna yawan iska, kuma sau tari za ka ga an rubuta bar 5.5, wato kusan fam 80 a gejin masu faci na gida. Wannan lamba ta tayoyin da ke ɗauke da harufan CP ce, waɗanda aka ƙera musamman don motar kwana. To amma tayoyin hunturu da yawa da ke kasuwa harafin C kawai ke jikinsu, irin na motocin kai kaya, kuma iyakar iskar da aka rubuta wa da dama daga cikinsu ba ta wuce 4.5 ko 4.75 ba. Mutum ya canza taya, ya bi takardar ƙofa, ya ɗura 5.5 a tayar da ba a yi ta don haka ba. Wani kuma ya ji tsoro, ya tsaya a bar 3 kamar ƙaramar mota. Na biyun ya fi ba ni tsoro.

Ga lissafin da nake yi wa mutane a bayan rasit. Ɗauki taya 215/70 R15C mai lambar nauyi 109. Lambar nan na nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 1,030, kuma sai da cikakkiyar iskarta ta bar 4.5. Biyu na baya ke nan kilo 2,060. Ƙafafun baya na ƙaramar Ducato an yarje musu kilo 2,000. Rarar duka kilo 60 ce. Motar kwana kuwa kullum a cike take: tankin ruwa mai lita 100 shi kaɗai kilo 100 ne, ga tukwanen gas, ga kekuna rataye a baya, ga sarƙar taya da kayan sanyi masu nauyi. Idan iskar ta ragu da rabin bar, abin da tayoyin biyu za su iya ɗauka ya sauko ƙasa da kilo 1,900. Daga nan gefen tayar zai riƙa lanƙwasa yana ɗaukar zafi, ko da ana zuba dusar ƙanƙara a waje, har wayoyin ciki su saki. Idan muka ciro irin wannan taya daga rim, za ka tarar da garin roba baƙi ƙirin ya taru a cikinta, alhali daga waje ba ka ganin komai.

Rabin bar ɗin nan kuma sanyi kaɗai ya isa ya cinye shi. Iska tana tsukewa in ta yi sanyi. A ƙaramar mota ana asarar wajen 0.1 duk lokacin da zafi ya sauka da digiri 10, amma a tayar da ke da iska mai yawa asarar ta kusa ninki biyu. Idan na cika maka taya a cikin gareji mai ɗumin digiri 20, ka kwana a gindin duwatsun Austiriya inda sanyi ya kai digiri 5 ƙasa da sifili, da safe gejinka zai nuna maka an rasa kusan rabin bar ba tare da ƙusa ta taɓa tayar ba. Shi ya sa tsofaffin makanikai ke ƙara 0.2 idan sun cika taya a cikin ɗumi. Shawarar tana da amfani, amma ba ta kai ka auna da kanka a waje, da safe, kafin motar ta motsa ba. Idan ka yi tafiya tayar ta yi zafi, geji zai nuna iska ta ƙaru. Kada ka sace ta.

Hanyar da nake bi ba ta da wuya. Ka yi lodi kamar yadda za ka yi tafiya, da ruwa da gas da iyali, ka je inda ake da sikelin mota, kamar wuraren karɓar shara ko tashoshin duba lafiyar mota na TÜV da DEKRA. A auna gaba daban, baya daban. Da waɗannan lambobi biyu sai a duba jadawalin kamfanin da ya ƙera tayar, wanda ke nuna iskar da kowane nauyi ke bukata. In an samu damar auna kowace ƙafa ita kaɗai, ya fi, domin ɓangaren da firji da kicin suke ya kan fi nauyi. Sai a bi mai nauyin, a sa wa hagu da dama iska ɗaya. A wurin nan ne wasu ke gano motar ta haura kilo 3,500 ɗin da lasisinsu ya yarje, wanda wannan wata matsala ce daban, kuma iska ba ta gyara ta.

Galibi gaba ya fi sauƙi, ba ya bukatar iskar baya. In ka cika shi tam, kwanuka za su yi ta ƙara a kabad, tsakiyar tayar ta riga gefe cinyewa, kuma robar da ke taɓa titi ta ragu a daidai lokacin da birki ke nemanta. Masu cewa a rage iska don taya ta kama dusar ƙanƙara kuma, dabarar masu shiga rairayi a hankali ce suka ɗauko, ba ta motar tan uku da rabi a kan babbar hanya ba.

Abu biyu ake mantawa. Bawul ɗin roba na yau da kullum iyakarsa wajen bar 4.5, don haka in za ka haura, ka ce a sa maka na ƙarfe. Sannan injinan iska na gidajen mai da yawa ba sa kaiwa 5.5, gara ka mallaki gejinka da famfonka.

Doka kuma ta canza: tun 1 ga Oktoba 2024, tayar da ke da M+S kawai ba ta shiga lissafin tayar hunturu a Jamus, sai mai alamar dutse mai ƙololuwa uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki. Wanda aka kama a kan ƙanƙara ba tare da ita ba zai biya Yuro 60 da maki ɗaya a lasisi. Ga masu sayen tayoyin gwanjo a gida, in kun ga wannan alama ku sani galibi robarta mai laushi ce, ta ƙasar sanyi, zafin kwalta na saurin cinye ta.

Jama'a, kafin tafiyar hunturun bana ku hau sikeli, ku rubuta lambar gaba da ta baya ku manna kusa da sitiyari, sannan ku riƙa aunawa duk mako biyu, har da safaya.