Harbin Mata da 'Ya'yan Barewa a Lokacin Farauta

A jihar Wiskonsin ta Amurka, babbar farautar barewa da bindiga kwana 9 take ɗauka. Ana buɗe ta ranar Asabar ta ƙarshe kafin bikin godiya na watan Nuwamba, kuma sama da mutum dubu 500 ne ke yankar lasisi su bazama dawa cikin riguna masu ruwan lemo. A wurin doka barewa iri biyu ce, mai ƙaho da marar ƙaho. Duk wadda ƙahonta bai kai inci 3 ba marar ƙaho ce, saboda haka takardar izini ɗaya ce ta haɗe uwa, da 'yarta, da ɗanta namiji haihuwar bana, wanda ƙahon nasa bai wuce ƙululu biyu a ƙarƙashin fata ba. Doka ta halatta su duka. Abin da ake ta ja-in-ja a kansa a sansanonin mafarauta kowace shekara shi ne ko ya dace.

Ƙyamar harbin mace tana da asali. A farkon ƙarni na 20 masu farauta don kasuwa sun kusa ƙarar da barewa mai farar wutsiya, har aka ƙiyasta cewa abin da ya rage a duk ƙasar bai wuce rabin miliyan ba. Dokar Lacey ta 1900 ta toshe safarar naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba tsakanin jihohi, jihar Fensilbeniya ta hana harbin mace a 1907, yara kuma suka taso da jin cewa cikakken mafarauci ba ya ɗaga wa mace bindiga. Maganin ya yi aiki har ya wuce gona da iri, domin yau maganar kimanin miliyan 30 ake yi. A 1943 masanin namun daji Aldo Leopold ya tsaya kai da fata a rage mata a Wiskonsin, saboda garken ya fi ƙarfin dajin, yana cinye tsiron itatuwa sannan yunwa ta kashe shi a hunturu. Aka kashe fiye da dubu 120 a farautar shekarar, jama'a suka ce an yi ta'asa, Leopold ya sha zagi. Fim ɗin ɗan barewa Bambi da ya fito shekara guda kafin nan bai taimaka masa ba. Ko tsarin da ya tilasta wa mafarauci ya fara kawo marar ƙaho kafin a ba shi damar harbin namiji, wanda aka soma a 1996, majalisar jihar ta soke shi a 2011 don yawan ƙorafi.

Lissafin garke kuwa a fili yake. Namiji ɗaya yana barbarar mata da yawa, don haka kashe maza kaɗai ba ya taɓa yawan haihuwa. Lafiyayyar mace a yankin gonaki tagwaye take haifa kusan kowace shekara, mai son rage garke dole ita zai cire. Ɗan barewa ana haifarsa ne daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, yana kai wata 3 zai iya rayuwa ba nono, kafin Nuwamba ya zubar da ɗigo-ɗigon jikinsa ya kai kilo 30 ko fiye. Rasa uwa a wannan lokacin ba ya kashe shi. Kuma 'ya'yan su ne farkon faɗuwa idan hunturu ya yi tsanani: kitsensu kaɗan ne, ƙafafunsu gajeru ne a cikin dusar ƙanƙara, bakinsu ba ya kai reshen da manya ke kaiwa.

Duk wannan sananne ne ga masu aikin bin jinin dabbar da aka raunata da kare. Abin da ke ƙona musu rai daban ne, kuma wani kira da aka yi wa mai wannan rubutu a wata farauta ya tattara shi wuri guda.

Mai kiran baƙo ne daga birni, da sabuwar bindiga da takardar marar ƙaho guda ɗaya tak. Ya biya wani mutum da ya gani yana tallar kansa a Facebook a matsayin jagoran farauta, wanda daga baya aka gano ko lasisin jagoranci ba shi da shi. Labarin da suka bayar a waya shi ne an harbi babbar mace jiya da yamma, harbi ɗaya, a bayan kafaɗa, ta shiga kurmi, jini ya ɗauke. Sai da rana ta take suka kira.

A bakin gonar masara da aka girbe, inda suka ce nan ta tsaya, ba a ga jan jini mai kumfa irin na huhu ba. Farin gashin ciki aka gani a warwatse, da ɗigon ruwa kore-kore mai wari a kan kara. Harbin tumbi ne, ko makaho ya shinshina ya sani. Aka sa wa karen igiya aka ɗora shi a kan sawu, sai ya yi wani abin da ba a zata ba: ya bar hanyar kurmi ya ja zuwa wani kwari a gefen gona. Jagoran ya dinga cewa kare ya ɓata, a dawo da shi. Karen bai ɓata ba. A ƙarƙashin rassan da aka karya aka jibga, ga ɗan barewa namiji kwance, ƙululun ƙahonsa biyu a ka, harsashi ya fasa masa kafaɗa. Ba a feɗe shi ba, daren kuma bai yi sanyi sosai ba, cikin ya kumbura, naman ya riga ya yi tsami.

Nan gaskiya ta fito guntu-guntu. Saura 'yan mintoci lokacin harbi ya ƙare, barewa ɗaya ta fito gona ita kaɗai, can nesa, wajen mita 200. Jagoran bai ko ɗaga madubin hangen nesa ba ya ce mace ce, a harba. Ta faɗi nan take. Ƙarar bindiga ta tayar da uwar da ke bakin kurmi, ta ruga a guje, jagoran ya ce ga babbar can, baƙon ya sake sakin harsashi a kan dabba mai gudu. Da suka isa kan ta farko suka ga kallon kitse suka yi wa rogo. Takarda ɗaya, gawa ɗaya a ƙasa, wata kuma a kurmi da rauni, sai suka yanke shawarar ɓoye ƙaramin su ajiye takardar don babbar. Baƙon da bakinsa ya ce kunya yake ji ya koma sansani da abin da bai fi kare girma ba.

Ba su tsaya nan ba. Suka kunna fitilu suka bi uwar a daren. Barewar da aka harba a tumbi takan ƙanƙame baya ta yi tafiya kaɗan ta kwanta, idan an ƙyale ta a nan za a same ta da safe. Karen ya nuna makwancinta na farko bai fi taku 150 daga gona ba, da jini baƙi-baƙi a ganye. Daga nan sai makwanci bayan makwanci, kowanne da sawun takalmi a gefensa, alamar duk lokacin da ta kwanta sun tayar da ita. Haka suka kora ta har ta tsallaka shinge ta shiga fadamar maƙwabci, inda sai da aka je aka nemi izinin mai ƙasa kafin a shiga. An same ta a bakin ruwa da la'asar. Karnukan dawa da ake kira koyoti sun riga kowa, sun cinye cinyoyin biyu. Dabba biyu, ko kilo ɗaya na nama ba a samu ba. Aka kira jami'in kula da namun daji, ya zo ya yi nasa aikin.

Harbin mace halal ne a doka, kuma daji yana bukatarsa. Harbin ɗa ma haka, namansa ya fi kowanne taushi. Laifin yana ga harbin abin da ba a tantance ba, da harbin abin da ba za a iya kayarwa ba, da jefar da abin da aka kashe. Wanda zai ji kunyar ɗaukar dabba, kada ya harbe ta.

Barewar da ta fito gona ita kaɗai, tun da wuri, ba ta ko tsayawa shinshina iska, sau da yawa ɗa namiji ne. Su ne marasa wayo, su ne ke riga uwa fitowa. A jira sai sun zama biyu ko uku a sami abin kwatantawa. Uwa doguwar fuska gare ta da dogon wuya, jikinta ya fi tsawo a kan tsayi. Ɗa gajeren hanci gare shi, jikinsa a dunƙule. Tsakanin kunnuwan mace kan a zagaye yake, na ɗa namiji a baje. Wannan da madubin hangen nesa ake duba shi, ba da madubin bindiga ba, kuma idan haske ya yi ƙarancin da ba a iya ganin saman kai, to farautar ranar ta ƙare ko da agogo bai ce haka ba. Idan kuma duk da haka kuskure ya faru, wanda yakan faru har ga tsofaffin hannu, a feɗe shi, a yi masa rajista kafin ƙarfe 5 na yammacin washegari yadda doka ta ce, a kai gida a ci.

Ba a harbin barewa tana gudu. Mutumin da ya taɓa gwada bindigarsa a kan allo a mita 100 kaɗai, me ya kai shi 200 da magariba?

Harbin tumbi awa 8 zuwa 12 ake jira, na hanta aƙalla awa 4. A sa alama inda ta tsaya, a juya a fita a hankali. Wannan gargaɗin an yi shi har baki ya gaji, amma kowace shekara sai an sami masu fitila suna tattake jini da takalmi, su baza ƙamshin ko'ina, sannan su kira kare ya yi abin al'ajabi. Kuma idan an kira mai bin sawu a gaya masa gaskiya: harbi nawa, daga wace kusurwa, an bi ta ko ba a bi ba. Ƙarya a waya awoyi take cinyewa, karen kuma zai tona ta.

Jagoran da ke cewa a harba kafin ya duba, ko mai alkawarin cewa dole a koma da nama, a tambaye shi lasisinsa tun kafin kuɗi su fita daga aljihu. Yatsan da ya ja kunamar bindiga dai na mai takarda ne, shi doka za ta fara tambaya.

Lokaci yana sauya hukunci. A farautar baka da kibiya da ake buɗewa tsakiyar Satumba, akan ga ɗan da aka haifa a makare har yanzu da ɗigo-ɗigo a jiki, yana bin uwa mai cikakken hantsa. Wannan uwar a bar ta, akwai wasu. A ƙarshen Disamba matsalar ta juya: wasu mazan sun riga sun zubar da ƙaho, sai a kayar da ƙaton namiji da sunan mace. Masu cewa ba sa harbin mace a Disamba don tana da ciki su sani barbara a Nuwamba ake yi, wadda aka harba a babbar farauta ma galibi ta riga ta ɗauka, wadda aka harba a Oktoba kuma da ta ɗauka. Lissafin ɗaya ne.

A gundumomin da cutar nan mai lalata ƙwaƙwalwar barewa ta shiga, wadda aka fara ganowa a jihar a 2002, a kai kan a gwada kafin a ci. Wanda firizarsa ta cika, akwai shirin ba da gudummawar naman barewa ga wuraren rabon abinci tun 2000, ba shi da hujjar barin gawa a kwari.

Wuri ma yana sauya hukunci, shi ya sa takardar marar ƙaho take ɗauke da sunan yanki da kuma ko ƙasar gwamnati ce ko ta mai zaman kansa. A kudancin jihar, inda masara da waken soya ke ciyar da garke har yana cin amfanin gona yana faɗa wa motoci a hanya, ana roƙon mafarauta ne su ƙara harbin mata. A dazuzzukan arewa, inda ga zurfin dusar ƙanƙara ga kyarkeci, bayan mugun hunturun 2013 zuwa 2014 gundumomi da dama sun rufe harbin marar ƙaho ga yawancin mafarauta, aka bar matan su mayar da abin da sanyi ya ci.